Fushi da alƙalami

Yau ina so in ba ku labarin wata shekara da ban manta ba. Da yawa cikinku kun gan ta da idonku. Ita ce shekarar 2005.

A lokacin ina yaro ɗan shekara 14, a ƙauyenmu, wajen Dakwaro cikin jihar Maraɗi. Damanar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri. Fara kuma ta zo ta ci abin da ya rage. Kafin bazara rumbunmu ya ƙare. Babana ya saida awaki biyu, kuɗin bai sayi buhu guda ba. A kasuwarmu buhun hatsi ya kai jika 30. Mata suka shiga daji ɗibar anza da ganyen jiga. Kun san anza: sai an jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita.

Ƙanwata tana goye. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura. Innarmu ta hau mota da ita har Maraɗi, wurin likitocin da ke kula da yara masu tamowa. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Ɗan maƙwabcinmu, tsaranta, bai kai can ba. A hanya ya rasu.

A farkon shekarar nan gwamnati ta ɗora haraji kashi 19 cikin 100 bisa madara, sukari da fulawa. Mutanen birane suka fito zanga-zanga cikin watan Maris, aka rufe kasuwanni. Daga baya gwamnati ta janye yawancin harajin. Mu na ƙauye ba mu san zanga-zanga ba. Fushinmu cikin ciki ya tsaya.

Cikin watan Agusta, muna zaune gindin bedi muna sauraren rediyo. Aka ce shugaban ƙasa Tanja Mamadu ya yi magana da ƴan jarida na BBC. Ya ce akwai ƙarancin cimaka a wasu wurare, amma ba yunwa ba ce. Ya ce ƴan adawa da wasu ƙungiyoyin waje ke kambama maganar don amfanin kansu. Kowa ya yi shiru. Sai wani tsoho ya tashi, ya kaɗe rigarsa, ya ce: "To, mu da muka bizne yaro shekaranjiya, mi za mu kira abin da ya kashe shi?" Babu wanda ya amsa masa.

Ƴan'uwa, kada ku ce laifin mutum ɗaya ne. Tun ƙarshen 2004 gwamnati ta nemi taimako wurin ƙasashen duniya, ba su yi hanzari ba. Sai da aka nuna hotunan yaranmu a telebijin kana jirage suka fara sauka. Masu mulki suna ɓoye yunwa don kada a ce sun kasa. Masu neman mulki suna shelarta don a ce su ne masu tausai. Wata rana wasu suka zo ƙauyenmu da motoci da tutar jam'iyya. Suka aje buhu kaɗan, aka ɗauki hoto, suka wuce. Ba mu sake ganinsu ba sai lokacin zaɓe.

Wannan ba sabon abu ba ne. Ku tambayi tsofaffi. Bayan babban fari na shekarun 1970, soja suka kifar da gwamnatin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Cikin dalilan da Seini Kunce ya bayar har da yadda aka yi sakaci da masu yunwa da taimakon da aka aiko musu. Yunwar 1984 kuwa mutane suka sa mata suna El-Buhari, saboda Janar Buhari na Najeriya ya rufe iyaka a shekarar. A 2010, bayan soja sun sauke Tanja ranar 18 ga Fabrairu, sababbin masu mulki suka fito fili suka ce akwai yunwa a ƙasa. Kun gani? Yunwa guda ce, amma kowa da yadda yake kiranta, gwargwadon kujerar da yake kai.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan. Da aka fara rabon hatsi kyauta, aka kira masu gida. Wani mutum yana riƙe da takarda. Babana ya dangwala yatsa, aka auna masa tiya 4. Ni ina lakkwal, na iya karatu. Na leƙa takardar, na ga gaban sunansa an rubuta buhu 1. Na faɗa masa a hanya. Ya tsaya, ya dube ni, ya ce: "Yatsana ya riga ya shaida. Wa zai yarda da ni?" Ban taɓa ganin babana ya yi kuka ba sai ranar.

Ranar nan na gane wani abu. Fushin talaka gaskiya ne, amma in babu rubutu, wutar kara ce: ta tashi, ta mutu, ta bar toka. Babu wanda ya san buhu nawa aka sauke a ƙauyenmu. Babu wanda ya rubuta yara nawa muka rasa. Shi ya sa mai mulki ya ce babu, mai adawa ya ce akwai, mu kuwa masu abin ba mu da shaida.

Don haka na zaɓi aikin yaƙi da jahilci. Ku da kuka iya karatu yanzu, ga abin da nake roƙonku. In mota ta kawo taimako, ku rubuta ranar da ta zo da yawan buhunnan. Ku karanta abin da ke jikin buhu. Kada ku sa hannu bisa takarda sai kun karanta lambar da ke gaban sunanku. Ku nemi a karanta sunaye da ƙarfi gaban jama'a. In kuna da bankin cimaka, littafi ya zama buɗe ga kowa, maza da mata.

Cikin ajina akwai wata mata mai ɗiya 6. Bara ta koyi lissafi. Yanzu ita ke riƙe da littafin bankin cimaka na garinsu. Da aka kawo musu hatsi, ta ƙirga ta ga buhu 2 sun ɓace. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe littafi gaban mai gari, ta nuna. Kafin magariba buhunnan suka dawo.

Fari daga Allah yake, ba mu da ikon hana shi. Amma rabon buhu aikin mutum ne, mutum kuwa ana tambayarsa. Ku riƙe alƙalaminku da kyau.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu daga yunwa. Amin.