Yadda na kusa lalata jitar Kawu da sunan gyara

Ina aji biyu na babbar sakandare a Kaduna aka aike ni gidan Kawu, yayan mahaifiyata, in taya su kwashe kaya domin za a sake rufin ɗaki kafin damina. A saman wadirof na ci karo da wata doguwar jita mai nauyi, naɗe cikin tsohon bargo. Tsirkiya uku ce a jikinta maimakon huɗu, su ma duk sun yi tsatsa. Matar Kawu ta ce in haɗa ta da tsohuwar fanka da risho, 'yan gwangwan za su zo ranar Asabar. Kawu yana zaune a kan tabarma bai ce uffan ba, amma na lura idonsa bai bar kan jitar ba har na fita da ita tsakar gida.

Sai a ranar na san cewa Kawu, wanda na taso na sani a matsayin tsohon ma'aikacin reluwe mai yawan shiru, ya taɓa zama makaɗi. A shekarun 1970 shi da abokansa suna kiɗa a otal-otal da wuraren biki, kuma ya ce bai taɓa ganin kasuwa irin ta 1977 ba, lokacin da aka yi babban hawan daba na bikin FESTAC a Kaduna, gari ya cika da baƙi. Jitar da yake kaɗawa ita ce mai kaurin murya, wadda makaɗa ke kira bes. Ita ce ke ba da wannan gurnanin da mutum ke ji a ƙirjinsa idan ana kiɗa. Na ce, "Kawu, a ba ni ita in gyara mana." Ya yi murmushi ya ce, "In ka iya sa ta yi magana kafin kunnena ya ƙarasa mutuwa, taka ce." A gida Mama ta yarda, da sharaɗin ba zan taɓa ta ba sai Asabar da Lahadi, kuma ranar da sakamakona ya yi ƙasa, jita ta koma inda ta fito.

Da na fara bincike a intanet na gano cewa wani Ba'amurke mai suna Leo Fender ne ya fitar da bes mai lantarki da ta karɓu a duniya a 1951. Daga baya masana'antun Japan suka riƙa ƙera irinta a farashi mai sauƙi. A ƙaramin farantin ƙarfen da ke bayan jitar Kawu an rubuta cewa a Japan aka yi ta. Wannan rubutu na karanta shi na wuce, ban san shi ne zai zame mini darasi ba.

A tunanina a lokacin, gyara shi ne a cire duk wani tsohon ƙarfe a sa sabo mai walƙiya, a kankare fenti a fesa wani. Na fasa asusuna na wata uku, na ba wani maƙwabcinmu da ke zuwa Legas saro kaya, ya sayo mini abu biyu a kasuwar Alaba: sababbin kunnuwa huɗu, wato ƙarafan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya, da sabon jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kai a gangar jiki, kamar yadda yake a garaya ko goge. Da suka iso har ɗaukar ido suke yi. Na kwance tsofaffin kunnuwan na zura sabo, ya ƙi shiga. Ramin ya yi masa kaɗan. Na ɗora sabon jaki, ramukan sukurunsa ba su hau kan na jitar ba ko ɗaya. Kayan ba su da laifi, ni ne ban auna komai ba kafin in yi aike.

Dabarar da ta zo mini ita ce in kai wa kafinta ya faɗaɗa ramukan. A hanya na biya ta shagon wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, in tambaye shi ko zai duba mini wayoyin ciki. Da ya ji inda zan je, sai ya karɓi jitar ya kwantar a kan tebur, ya ɗauko ma'auni. Ramin kunne ya ba da milimita 14, sabon kunnen kuwa yana buƙatar kusan 17.5. Ya ce, "Yaro, ka san dalili? Mutanen Japan da milimita suke awo, na Amurka da inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Kayan da ka sayo an yi su ne a kan awon jitar Amurka." Na ce, "Baba, ai in an huda shi ke nan." Ya ce, "Ƙarfe in ka cire za ka iya mayarwa. Katako in ka sassaƙe, wa zai mayar maka? Kuma kan jitar nan siriri ne, in ya tsage garin huda, sai dai ka kai wa kawunka itacen girki."

Jikina ya yi sanyi. Shi ne ya koya mini tsarin da na bi har na gama. Ya ce kafin in kwance komai in ɗauki hotonsa da waya, kowane sukuru kuma in sa shi a kwalin ashana in rubuta inda ya fito. Sannan in kasa kayan kashi uku: wanda wanki kawai yake so, wanda zai gyaru, da wanda ya mutu murus. Kashi na uku kaɗai ake saya wa madadi, shi ma sai an auna.

Abin mamaki, kashi na farko ya fi kowanne yawa. Tsohon jakin da na raina, da na jiƙa shi cikin kananzir ya kwana, na goge da tsohon buroshin haƙori, sai ga ƙananan sukurorinsa suna juyawa lafiya lau. Kunnuwa uku daga cikin huɗu busasshen giris ne kawai ya riƙe su. Na huɗun ne haƙoransa suka cinye, ko an ɗaure tsirkiya sai ta saki. Mun yi mako uku muna cigiya kafin mu sami mai irin girmansa a jikin wata matacciyar jita a wurin wani mai hayar kayan kiɗa. Launinsa ya ɗan bambanta da na sauran, amma ya zauna daram, ba a huda ko rami ɗaya ba.

Ɓangaren lantarki ne ya fi burge ni, domin a nan darasin fiziks ya fito daga littafi ya zauna a gabana. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani ɗan akwati da makaɗa ke kira fikof. A cikinsa maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi kuma ya haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki a cikin wayar, ita ce amfilifaya ke ƙara wa ƙarfi ta fito ta lasifika. Wannan shi ne abin da Michael Faraday ya gano a 1831, wanda na haddace domin jarrabawa ban taɓa ganinsa da idona ba. Baba ya ɗora mitarsa a kan wayoyin fikof ɗin, allura ta motsa, alamar naɗin bai tsinke ba. Ya jona jitar da lasifika ya ɗan taɓa maganaɗisun da bakin sukudireba, muka ji ƙwas. Ya ce, "Muryar kawunka tana nan. Wannan ko kyauta aka ba ka sabo, kada ka canja."

Abin da ya mutu da gaske biyu ne. Akwai bakin da ake soka wayar amfilifaya, wanda ya saki har ba ya riƙe waya. Shi bai ba mu wahala ba, domin girmansa ɗaya ne a ko'ina, rubu'in inci. Sai maɓallin ƙara murya da ake murɗawa, wanda ko an wanke shi sai ya yi ƙarar yashi. A bayansa an rubuta 250K, wato yawan turjiyar da yake yi wa lantarki. Baba ya ce in muka sa mai lamba daban muryar jitar za ta sauya, don haka muka nemi mai wannan lambar, wanda kuma wuyansa ya yi daidai da ramin da ke nan. Ya kuma nuna mini wata 'yar waya da ke maƙale a ƙarƙashin jaki. Ita ce ke haɗa tsirkiyoyi da wayar ƙasa, in ta tsinke jita ta yi ta ƙugi kamar injin niƙa. Ya liƙe ta da dalma. A nan ya ja mini kunne, ni ma zan ja muku: wutar cikin jita ba ta da ƙarfin cutarwa, amma amfilifaya da wutar gida take aiki, kuma tana iya riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket. Ɗalibi ba shi da dalilin buɗe ta.

Wuyan jitar ne ya gwada haƙurina. Ya lanƙwashe kamar baka, saboda tsirkiyoyin bes suna jan wuya da ƙarfin da ya haura kilo 50, ga shekaru na hunturu mai busar da katako da damina mai kumbura shi. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake ɗaurewa domin miƙar da shi. Ni so na yi in murɗe ta gaba ɗaya a wuce wurin. Baba ya ce rubu'in juyi kawai, sannan a bar katako ya huta, domin garaje na iya karya sandar, in ta karye kuwa gyaranta ya fi ƙarfinmu. Da yake sai ƙarshen mako nake zuwa, wata guda muka yi kafin wuyan ya miƙe.

Da aka zo sayen tsirkiya, wannan karon rula na fara ɗauka. Ana auna daga inda tsirkiya ta fara a saman wuya zuwa ƙarfen mataki na 12, sai a ninka biyu. Yawancin bes inci 34 ne, amma ta Kawu ta ba da 15, wato 30 ke nan, gajera ce. Da na yi aike da ka kamar da, da na sake asara. Tsirkiyar ma iri biyu ce: mai kaushi, wadda muryarta ke da kaifi, da mai santsi, wadda muryarta ke da taushi da zurfi. Na je na tambayi Kawu, ya ce mai santsi suka sani a zamaninsu. Ita muka saya, ko da yake ta fi tsada, sai da na sayar da sabon jakin nan a kan asara na cika kuɗin.

Aiki na ƙarshe shi ne saiti. Mataki na 12 yana raba tsirkiya gida biyu daidai, kuma idan tsawo ya ragu da rabi, saurin rawar tsirkiya yana ninkawa. Mafi kauri tana rawa kusan sau 41 a daƙiƙa, a mataki na 12 kuwa dole ta ba da kusan 82. Da manhajar saita jita a waya muka riƙa dubawa, muna matsar da mazaunin kowace tsirkiya a kan jaki gaba ko baya har suka daidaita.

Fenti kuwa ban taɓa shi ba. Akwai wani wuri a saman fikof inda ya goge har katako ya fito, ya yi ɗan lotsawa. Da farko shi ya fi ba ni haushi. Ranar da na kai wa Kawu jitar da aron amfilifaya, ya rungume ta, sai na ga babban yatsansa ya tafi kai tsaye ya zauna a wannan wurin ba tare da ya duba ba. Ashe yatsansa ne ya ci fentin. Da na kankare na fesa sabo, da na share shekarun da ya yi yana kiɗa.

Yatsunsa sun yi tauri, sau biyu yana farawa yana kuskurewa. A na uku ya kama wani kiɗa mai tafiya a hankali, gilasan taga suka soma karkarwa. Matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Bai fi minti biyar ba ya gaji, ya miƙo mini ya ce, "Kunnen nan na huɗu ba nata ba ne." Na ce, "Haka ne, Kawu." Ya ce, "Ya zauna da kyau. Kawo hannunka in nuna maka inda ake farawa."

Kawu ya koya mini kiɗa na kusan shekara biyu kafin jinsa ya yi rauni sosai. Sakamakona bai yi ƙasa ba, a fiziks ma sama ya yi. Nasan da yawa daga cikinku akwai tsohon keke, ko keken ɗinki, ko rediyo da ke jibge a wani lungu na gidanku. Kafin ku ba 'yan gwangwan, ko ku ruga kasuwa neman sababbin kaya, ku ɗauki hoto, ku wanke, ku auna, sannan ku tambayi mai shi abin da kowane tabo yake nufi. Da tsohuwar zuma ake magani. Sababbin kunnuwan nan huɗu har yau suna cikin kwalinsu a durowata, ban sami jitar da za su shiga ba.