Darasin Cabascabo a Tsakar Gida

Bayan sallar isha'i muka shimfiɗa tabarma, muka saka faifan Cabascabo, fim ɗin marigayi Oumarou Ganda na 1969. Yara suka fara gunaguni: hoton baƙi da fari ne, ba rawa, ba manyan motoci. Can sai tsit. Soja ne ya dawo daga yaƙin Indocin da ƴan kuɗinsa, abokai suka taya shi cinyewa, suka watse. Ganda ya yi wannan yaƙi da kansa, shi ya sa gaskiyar labarin ta rufe ƙarancin kayan aiki. Ƙanenmu da ya komo daga Libiya hannu wofi ya sunkuyar da kai. Washegari ya roƙi Baba gonar da ya raina bara. Allah Ya sanya albarka, amin.