Yadda aka mayar da ni dutin safe, da maki 15 da na yi asara

1/ Zare ne, zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri. Idan kana haɗa karatu da aiki, daure ka karanta har ƙarshe. Abin da ya same ni zangon da ya wuce zai iya samun kowa. 🧵

2/ Ina aji uku a jami'a a nan Kano, ina kuma aikin kashiya a wani babban kanti, ƙarfe 3 na rana zuwa 10 na dare. Da albashin nake biyan kuɗin adaidaita, data da bugun takardu, wani watan in ɗan sa wa Umma wani abu a cefane. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, ba sai na faɗa muku yadda kuɗin mota ya koma ba.

3/ Ranar da aka ɗauke ni na faɗa wa manajan lokacin cewa ni ɗalibi ne, yamma kawai zan iya. Ya ce, "Ba matsala, yamma taka ce." Muka yi musabaha. Iyakar yarjejeniyar ke nan. Babu takarda, babu ko saƙon waya. Sama da shekara muka yi a haka lafiya lau.

4/ Sai aka yi masa canjin wurin aiki aka kawo sabo. Wata Asabar da daddare ina kwance, saƙo ya shigo grup ɗin ma'aikata na WhatsApp: daga Litinin kowa zai riƙa juyawa, sati ɗaya safe, sati ɗaya yamma. Na duba jadawalin, ga sunana a dutin safe, 8 zuwa 3. Wallahi sai da na tashi zaune.

5/ Kusan duk laccocina tsakanin 8 ne da 2. Kuma a makarantarmu sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin ka cancanci zama jarrabawa. Sati ɗaya ina aji, sati ɗaya ba na nan, kashi 50 ke nan. Ko ɗan firamare zai yi wannan lissafin. In na ajiye aikin kuma, da me zan je makarantar?

6/ Na rubuta dogon saƙo cike da fushi, na karanta, na goge. Gara da na goge. Amma abin da na yi bayan nan ya fi saƙon muni: na yi shiru. Tsoro nake kada in yi magana a ce ga hanya nan, don na sha ganin tarin takardun masu neman aiki a kan teburin ofishin.

7/ Litinin na tafi kanti, na ce wa abokina ya sa mini hannu a takardar halartar aji. Na sani ba daidai ba ne, ba sai kun faɗa ba. Laraba da misalin 11 ya turo saƙo: "Kana ina? Malam ya ce a fito da takarda." Tes na ba-zata, maki 15. Ina tsaye ina ba wata mata canjin madara da sukari.

8/ Da na tashi na garzaya ofishin malamin. Na ce, "Malam, don Allah a taimaka, wurin aiki ne aka canja mini lokaci." Ya ce, "Ka sanar da ni kafin yau?" Na ce a'a. Ya ce to ba zai shirya wa mutum ɗaya tes ba. Na fito, ban ma ga laifinsa ba.

9/ Da daddare Baba ya ga na kasa cin abinci, na ba shi labari. Ya ce, "Shi sabon ya san kana karatu?" Na yi shiru. Ya ce, "To da wa kake fushi? Da wancan kuka yi alƙawari, kuma ya tafi da abinsa. Wannan bai san da zamansa ba." Kwana huɗu ina tsine wa mutum a zuciya kan maganar da ban taɓa faɗa masa ba.

10/ Washegari na fara tambayar abokan aiki me ya kawo canjin. Ashe 'yan yamma ne suka kai ƙorafi. Bayan Magariba ake cika, su ke ƙirga kuɗi a rufe, in an samu giɓi a albashinsu ake cirewa. Manajan adalci ya so yi. Ni kaɗai ne a kantin nake son abin da kowa ke gudu.

11/ Akwai kuma wata Anti da ta daɗe a dutin safe, mai yara uku, da sabon tsarin zai sa ta riƙa isa gida wajen 11 na dare. Ita ma shiru ta yi, irin nawa. Na ce, "Anti, in na ɗauki satinki na yamma, ki ɗauki nawa na safe fa?" Ta ce, "Ƙanina, da ka gama mini komai."

12/ Na kuma duba Dokar Ƙwadago ta Najeriya. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce, har da lokutan aiki, in an canja kuma a sanar da shi a rubuce cikin wata ɗaya. Ba ta hana a canja maka lokaci ba. Amma na gane takardar da ban taɓa nema ba haƙƙina ce.

13/ Ban je masa da doka ba, da jadawalin laccocina na je, na buga shi a takarda. Na jira lokacin da babu cunkoso, ni da Anti. Na ce, "Yallaɓai, ba tsarinka muka zo ƙi ba. Ga matsalata, ga tata, ga yadda muka ga za a rufe dutin biyu ba tare da an taɓa na kowa ba."

14/ Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Me ya hana ka zuwa tun ranar Litinin?" Tambaya ɗaya, mutum na uku. Ya yarda, amma da sharaɗi: Lahadin ƙarshen wata ni ne a ƙirgar kaya tun safe, kuma giɓin rufewa a wuyana. Ban so ba, don Lahadi ce ranar karatuna. Na karɓa.

15/ Kafin mu fita na ce, "Yallaɓai, ko za a taimaka a rubuta shi?" Ya yi dariya ya ce ba ka yarda da ni ba ne? Na ce na yarda, wanda ya tafi ma na yarda da shi. A ranar ya sa a grup. Na ɗauki hoton saƙon na ajiye a waya da imel.

16/ Kwas ɗin nan D na samu. Na tsallake, alhamdulillah, amma duk sanda na duba sakamakon sai na tuna maki 15 ɗin. Ba sabon jadawali ne ya cinye su ba, kwanakin da na yi ina fushi a ɓoye ne.

17/ Idan aka canja maka duti: kada ka amsa a daren, amma kada ka wuce kwana ɗaya ba ka yi magana ba. Nemi dalilin canjin. Nemi wanda shi ma abin ya matse. Je da mafita a hannu. Sanar da malamanka da wuri. Duk abin da aka yarda, a rubuta.

18/ Na san ba kowane oga ne zai saurara ba, wani ko gaisuwarka ba zai amsa ba. Nawa ya saurara, Allah ya saka masa. Ku da kuke aiki kuna karatu, tsakani da Allah, mutum nawa ne a cikinku ke da lokacin aikinsa a rubuce?