Firijin Da Ke Cikin Jirgin Ruwa

Mu 'yan Arewa da ke zaman Legas yawanci an san mu da harkar shanu a Agege, ko kayan gwari a Mile 12, ko canji. Ni kuwa Allah Ya yi abincina a gyaran firij, kuma sana'ar nan ta kai ni wuraren da ban taɓa tsammani ba. Yau ina so in ba ku labarin wani aiki da na yi a cikin jirgin ruwa, irin mai tafiya da iska, domin ko masu koyon sana'a za su tsinci wani abu.

Mai jirgin wani dattijo ne Bayarabe, Baba muke ce masa, yana fama da ciwon suga, yana kuma shirin tafiya tsibirin Sao Tome, tafiyar kwanaki a teku. Allurar insulin da yake yi tana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Kun ga ke nan maganar ta wuce ta ruwan sanyi, magana ce ta rai.

Firijin jirgi daban yake da na gida. Akwati ne da aka gina a jikin jirgin, murfinsa a sama saboda sanyi ƙasa yake kwanciya, gefe guda firij, gefe guda firiza. Babu NEPA a teku, batir mai bolt 12 ke riƙe komai. Kwamfiresan ɗan ƙarami ne, Danfoss BD35F, wanda tun 2010 ya koma sunan Secop, gas ɗinsa kuma R134a, wanda ya gaji R12 da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kawar.

Kukan Baba shi ne injin ba ya hutawa, kafin asuba batir ya mutu, nama kuma ba ya daskarewa. Wasu sun ce masa a ƙara gas. To dama mu masu gyara muna da wannan cuta, kowane ciwo maganinsa gas. Na duba farantin sanyin, na ga ƙanƙara ta rufe shi kaf, alamar gas bai gudu ba. Na auna wuta a bakin kwamfiresa, na tarar gishirin teku ya cinye kan wayar, ta yi kore. Shi kuwa wannan inji da wuta ta faɗi zuwa bolt 10.4 sai ya kashe kansa. Na canza waya. Na maƙala takardar naira a bakin murfi na rufe, na ja, ta zare salin alin, wato robar ta mutu.

Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne. Babbar cutar tana cikin bango. Na huda ɗan rami a gindin akwatin ta waje, sai ga ruwa yana ɗiga. Sosan da ke tare zafi ya sha ruwa ya ƙoshi. Iskar Legas cike take da laima, shekara da shekaru tana kutsawa ta tsaga, in ta taɓa bango mai sanyi ta zama raɓa. Jiƙaƙƙen soso kuwa kamar jiƙaƙƙen bargo ne a lokacin hunturu, sunan rufa kawai. Abin ya tuna min da randar gidanmu, da tukunya cikin tukunya ta Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa, wadda ta ci kyautar Rolex a 2000. Can ruwa ne ke kawo sanyi, saboda busasshiyar iska tana ɗauke shi. Nan bakin teku ruwan shi ne abokin gaba.

Na ce, "Baba, sai an fasa akwatin nan." Ya yi shiru, ya tambayi kwana nawa, na ce mako uku. Haka muka yanke cikin, muka kwashe ruɓaɓɓen soso, wurin ya bushe, muka jera sabo mai kaurin santimita 10 a firij, 15 a firiza, muka naɗe bayansa da leda mai hana laima, sannan muka yi sabon ciki da faiba. Ramin zubar da ruwa na ƙasa ma na yi masa toshi, don ta nan sanyi ke zurarewa dare da rana. Aikin a durƙushe ake yinsa, kai a cikin rami, jirgi yana rawa, ni ɗan tudu cikina yana juyawa.

Akwatin ya ragu, Baba ya yi ƙorafi. Amma da muka kunna, firiza ta sauka digiri 18 ƙasa da sifili, injin ya koma hutawa kusan rabin lokaci, batir ya kwana da ƙarfinsa. Na yi wa allurar ɗan gurbi nesa da farantin, domin insulin in ya daskare ya lalace. Na kuma gargaɗi yaronsa kada ya kuskura ya fasa ƙanƙara da wuƙa, farantin alminiyam ne, huda ɗaya gas ya tafi.

'Yan'uwana masu koyo, kafin ku ɗauko tulun gas ku auna wuta, ku gwada roba, ku taɓa bango. A garin da ba naka ba, aikin hannunka shi ne danginka. Allah Ya sa mu dace, Ya ba mu halaliyarmu. Sai mun sake haɗuwa.