DAGA FAGGE ZUWA SABON GARI DA GUNTUN ƘARFE A LEDA

Ko a mafarki ban taɓa zaton zan wuni a garejin kanikawa ba, sai da bikin Yayata ya rage saura kwana huɗu.

Babanmu yana da tsohuwar Land Rover ƙirar 1978, ita ce abincinmu, ita kuma za ta kai kayan ɗakin amarya wani ƙauye bayan Ɗambatta, hanyar da ƙaramar mota ba ta shiga da damina. Ƙanena ya fita da ita, ya dawo jiki a sanyaye, wai ya ji "ƙas!" a ƙafar gaba, tun daga nan tayoyin gaba suka daina ja. Ga Baba a kwance ba lafiya. Umma ta zuba tagumi. Ni kuwa na ɗauko kuɗin littafina da nake ɓoyo, na zari mayafi.

Muka lallaɓa da ita har Fagge. Unguwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa masaukin fatake ce da raƙumansu. Yau kuwa motoci ne ke durƙusawa a lungunanta, ƙasa ta yi baƙi ƙirin da mai, yara sai kai da kawowa suke da sufana.

Bakaniken dattijo ne. Na ce, "Baba, nawa za a saya?" Ya yi murmushi ya ce, "'Yata, ba a shan magani sai an san cuta."

Ya sa jak ya ɗaga ƙafar dama, ya kama tayar sama da ƙasa ya girgiza, ta yi ɗan wasa. Ya ce ƙanena ya taka birki, wasan ya ɓace. "Kin gani? Wannan boris ne ya ci. Da wasan bai tafi ba, da sai in ce fil ɗin da ƙafar ke juyawa a kansa ne." Sannan ya danna sandar nan mai kan rawaya da ke sa ƙafa huɗu su ja, ya saka giya, ya juya tayar. Ta yi ta wulwulawa babu abin da ya riƙe ta. Ya ce shaf ya karye.

Da ya kwance ya zaro shi, ga shi gida biyu. Ya harari ƙanena: "Ka hau kwalta da ƙafa huɗu ko?" Yaro ya sunkuyar da kai. Ashe a irin wannan motar, tayoyin gaba da na baya a ɗaure suke idan an danna sandar. A yashi suna sulɓewa su huta, a kwalta kuwa ƙarfen ne ke murɗewa har ya ɓalle.

Ya ƙunshe mini guntun a leda. "Ki ƙirga haƙoran bakinsa, goma ne. Na dama gajere ne, na hagu dogo. Kada kunya ta hana ki."

Muka hau adaidaita sahu, muka tsallaka titin Murtala Muhammad, sai ga Sabon Gari, unguwar da aka keɓe wa baƙi bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Muna shiga France Road na ji kamar na bar gari: ga Ibo, ga Yarbawa, Hausa da Turancin buroka a cakuɗe. Shago na uku wani ya miƙo mini sabo dal yana sheƙi. "Hajiya, shi ne wannan, wallahi!"

Gabana na faɗuwa na ƙirga. Ashirin da huɗu! Na motocin da aka ƙera daga baya ne. Na ajiye masa kayansa. Sai shago na shida na samu tsoho mai tsatsa, haƙora goma cif, tsawo daidai da nawa. Na haɗa da boris, muka juyo.

Kafin magariba an ɗaura, an ɗura mai. Ranar Alhamis na ga gadon Yaya ya tsallake laka a kan motar Baba, sai hawaye.

'Yan'uwa, mai sheƙin nan ya so ya ruɗe ni. Ko ƙarfe ne ko saurayi, a ƙirga haƙora kafin a biya.