Idan Katafila Ta Tsaya a Bakin Rima: Yadda Ake Gane Laifin Sensa

Daga ɗaukewar ruwan sama a watan Oktoba zuwa faɗuwarsa a watan Yuni, watanni kaɗan ne masu aikin ƙasa ke da su a gabashin Sakkwato. A cikinsu ake yashe magudanan noman rani na Wurno, a gyara gaɓar kogin Rima a ƙasan madatsar Goronyo, a kuma cike hanyoyin karkara na Rabah da ruwa ya cinye. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa kimanin mita miliyan 942 murabba'i uku, kuma ambaliyar watan Satumban 2010 ta nuna wa mutanen kwarin abin da ruwan nan ke iya yi idan ya fi ƙarfin shingayensa. Saboda haka duk ranar da katafila ta kwana a tsaye, an rage wa manomin shinkafa da albasa da tafarnuwa kwana guda daga lokacin da ba ya dawowa.

Abin da ke tsayar da injinan zamani ya bambanta da na da. Tsohon injin dizal ƙarfe ne zalla: famfo yana tura mai, nozul yana fesawa, bakanike kuma yana gane ciwon da kunnensa da launin hayaƙi. Daga 1995, lokacin da kamfanin Denso na Japan ya fara sa tsarin bututun mai na bai-ɗaya a manyan motocin Hino, al'amarin ya sauya. A wannan tsari famfo yana matse mai a cikin bututu guda har ya kai bar 1,600 zuwa sama da 2,000, wato kusan ninki dubu na iskar tayar ƙaramar mota, sannan kwamfutar injin, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, ta yanke lokacin fesawa da yawansa. Ƙwaƙwalwar ba ta gani, ba ta ji. Da sensa take dogara: mai auna matsin bututu, mai auna zafin mai, mai gano ruwa a cikin mai, da mai ƙirga juyawar injin.

Idan ɗaya daga cikinsu ya kawo labarin da bai yi mata daɗi ba, sai ta kunna fitila, ta rage ƙarfin injin, ta nuna lamba a allo. A nan ake yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. Lambar ta ambaci sensa, sai a aika Sakkwato ko Kano a sayo sabo, a jira kwanaki, a ɗaura, fitilar ta sake kamawa. Sensa ɗan aike ne. Wani lokaci shi ne ya lalace, wani lokaci hanyar da yake bi ce ta yanke, sau da yawa kuma gaskiya ya faɗa.

Lambar kanta tana taimakawa wajen rarrabewa, ga wanda ya san karatunta. Yawancin manyan injina suna bin ƙa'idar da ake kira J1939, inda lamba ke da kashi biyu. Na farko, SPN, yana faɗin wurin: 157 matsin bututun mai ne, 94 matsin man da ke zuwa famfo, 97 ruwa a cikin mai, 174 zafin mai. Na biyu, FMI, yana faɗin irin matsalar. Idan 3 ne ko 4, wutar da ke dawowa daga sensa ta haura ko ta gaza iyakar da za a yarda da ita, kuma zargi ya fi karkata ga waya ko soket. Idan 1 ne ko 18, ƙwaƙwalwar ta gamsu da sahihancin labarin, matsin ne ya yi ƙasa da gaske. Caterpillar na da nasa tsarin lambobi, amma hikimar ɗaya ce.

A hali na farko, ƙaramar mitar gwajin wuta ta isa a fara. Sensan matsi yana da waya uku: ɗaya tana kawo volt 5, ɗaya ta ƙasa ce, ta ukun tana mayar da saƙo tsakanin volt 0.5 da 4.5. A murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba. Bututun babu matsi, don haka saƙon ya kamata ya tsaya kusa da 0.5. Sai a girgiza wayoyin a ga ko adadin zai yi tsalle. Zafin watan Afrilu, da kan wuce digiri 40 a wannan yanki, yana busar da robar waya, jijjiga tana goge ta a jikin ƙarfe, ƙurar hunturu da laka suna shiga soket. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kuma da yake sensa da yawa suna shan wuta daga layi guda, waya ɗaya da ta taɓa ƙarfe tana iya haifar da lambobi huɗu a lokaci ɗaya.

A hali na biyu, hankali ya koma kan man. Ana fara duba kofin da ke raba ruwa da mai, sannan filta, sannan tiyon da ke zuwa daga tanki ko yana shan iska. Mai da aka yi jigilarsa a ganga da jarka zuwa wurin aiki yakan zo da tsatsa da yashi, tankin da ya kwana rabi kuma yakan tara raɓa a daren sanyi. Filtar ƙarshe a irin waɗannan injina tana tare ƙwayar da ba ta wuce 'yan maikiron ba, alhali kaurin gashin kai kusan 70 ne. Idan duk wannan lafiya lau ne, sai a auna man da kowane nozul ke mayarwa tanki; wanda ya ci ya lalace yakan zubar da matsin duka bututun.

Dabaru biyu na gargajiya suna da haɗari a nan. Sassauta bututun nozul injin yana aiki, don a gano silindar da ta mutu, ya yi amfani a tsohon injin. A sabon, tsinin man yana huda fata, har ya kai ga yanke hannu. Haka kuma haɗa waya don a yaudari ƙwaƙwalwa ta kashe fitila yana barin ruwa ko datti ya isa famfo da nozul, waɗanda kuɗinsu ya ninka na sensa sau da yawa.

Darasin ya shafi masu sayen injin da masu ba da kwangila fiye da bakaniken da ke ƙarƙashin rana. Hukuma ko ɗan kwangilar da ya kashe miliyoyi a kan katafila, ya kamata ya sa a lissafinsa na'urar karanta lambobi, da littafin zanen wayoyi, da filta ta asali, da tankin ajiya mai tsabta, da horar da yaran garejin da za su taɓa ta. Ƙwarewar kunne da ido ba ta ƙare ba, amma yanzu tana bukatar mita a gefenta. Inda aka tanadi waɗannan, matsalar da kan cinye mako guda takan warware kafin la'asar, a gama yashe magudana tun hadari bai haɗu a gabas ba.