Tauraro mai dishi-dishi

A bara na ba ɗalibaina aikin fassara wani gajeren labari daga Faransanci zuwa Hausa. Labarin Earendel ne, tauraron da madubin hangen nesa na Hubble ya gano, aka sanar da duniya a watan Maris na 2022. A tawa fassarar, wadda na yi domin ta zama abin koyi, na kira shi «tauraro mai raunin haske». Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, «Malam, shi ne mai raunin, ko kuwa mu ne ba mu ganinsa sosai?» Na yi shiru, don gaskiyarta ce.

Earendel ba shi da rauni ko kaɗan. Binciken da aka yi da madubin James Webb a 2023 ya nuna zafinsa ya ninka na rana fiye da sau biyu, haskensa kuwa ya ninka nata kusan sau miliyan ɗaya. Nisa ne ya cinye wannan hasken, domin ya yi kusan shekara biliyan 13 yana tafe kafin ya iso mu. Da ma ba za a gan shi ba, sai aka yi dace wani tarin gungun taurari ya gitta tsakaninmu da shi. Nauyin tarin ya lanƙwasa hanyar hasken, ya ƙara masa ƙarfi sau dubbai, kamar yadda gilashi mai ciki ke tara hasken rana wuri guda. Sunan nasa daga tsohon Ingilishi ne, ma'anarsa tauraron asuba, wato gamzaki ke nan a wurinmu.

Wanda siffata ta dace da shi shi ne Proxima Centauri, wanda Robert Innes ya gano a Johannesburg a 1915. Babu tauraron da ya fi shi kusa da rana, tafiyar haske ce ta shekara 4 da ƴan watanni, amma ido bai taɓa ganinsa ba sai da na'ura. Nauyinsa wajen kashi ɗaya cikin takwas ne na nauyin rana, zafin bayansa bai cika digiri 3000 ba, alhali na rana ya kai 5500. Shi ya sa yake ja. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san wannan: ƙarfe kan fara da ja, sai wuta ta ratsa shi ya koma fari. Da launi masana ke auna zafin abin da ba za su taɓa isa gare shi ba.

Abin da ya dame ni shi ne, Hausa ba ta rasa hanyar rarrabe su ba, ni ne na yi garaje. In Bahaushe ya ce yana ganin abu dishi-dishi, ganin yake siffantawa, bai yanke wa abin hukunci ba. In ya ce fitila ta dushe, fitilar ce ta gaza. Na bi kalmar Faransanci guda ɗaya da ke ɗauke da ma'ana biyu, na zaɓi wadda ba ita ba, har na kusa rage wa waɗanda suka saɓa mini maki.

Mako na gaba na gyara a kan allo: «tauraron da ake hange dishi-dishi». Ɗalibar ta ce jimlar ta yi tsawo. Na ce ta kawo wadda ta fi ta gajarta, har yanzu ina jira.